Tsohon Garmaho, Sababbin Gaɓoɓi: Shi Ne Ko Waninsa?

Gabatarwa

Sau da yawa akan ji makaɗi ya nuna kalangunsa yana alfahari, ya ce, "Wannan da kake gani na mahaifina ne, shi ma wurin nasa mahaifin ya gada." Alhali kuwa kowa ya san fatar kalangu ba ta shekara da shekaru ba ta fashe ba, tsirkiya kuma tana tsinkewa a sake ta. Abin da ya rage daga hannun kakan bai wuce kangon icen ba. To, ran da kangon nan ya tsage aka sassaƙo wani, aka mai da masa fata da tsirkiyar da ke jikin na da, shin makaɗin nan zai iya maimaita maganarsa ba tare da ya yi ƙarya ba?

Wannan tambaya ce nake so mu tattauna, 'yan'uwa ɗalibai, amma zan ɗora ta a kan wani abin kiɗa na ƙasar Turai, watau garmaho mai aiki da lantarki, domin a can ne al'amarin ya fi fitowa fili, har ya zama sana'a da kasuwa da abin jayayya. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Ƙungiyar Hausa da gyaran garmaho? Ina roƙon a yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, za a ga inda zancen ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Garmahon da ba ya tsufa

A shekarar 1973 wani mutum mai suna Ivor Tiefenbrun ya kafa kamfanin Linn a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, abin da kuma ya fitar da sunan kamfanin shi ne garmahon da ake kira Sondek LP12. Har yau ana ƙera shi, kuma wanda ya kalli na bana ya kalli na farkon, da ƙyar zai rarrabe su daga nesa.

Ga yadda ginin nasa yake a taƙaice. Akwai akwatin katako. A cikinsa akwai ɗan inji mai juya wani faranti mai nauyi ta hanyar bel na roba, a kan farantin nan ake ɗora faifai ya riƙa zagaye 33 da sulusi a kowane minti. Farantin yana tsaye a kan sandar ƙarfe wadda ke juyawa cikin boris mai ɗan mai a ciki. Shi boris ɗin, tare da hannun da ke ɗauke da allura, suna kafe ne a jikin wani ƙarfe da ke reto a kan sifirin guda 3, don kada girgizar inji ko takun mai wucewa su kai ga allura. Ita kuwa allura ɗan tsinin lu'ulu'u ce, tana bin layin faifai da nauyin da bai wuce giram 2 ko kusa da haka ba, motsinta ne ake juyawa ya zama sauti.

Abin da ya bambanta wannan garmaho da 'yan'uwansa shi ne, duk lokacin da kamfanin ya inganta wata gaɓa, yakan ƙera ta yadda za ta shiga jikin tsoho. A 1981 aka fito da Nirvana, watau sababbin sifirin da robobi da bel. A 1982 aka zo da Valhalla, wanda ke daidaita wutar da ke shiga inji. A 1990 sai ga Lingo, akwatin wuta na daban mai ba da gudu 33 da 45. A 1993 aka sake boris da abin da ke riƙe da shi, aka kira shi Cirkus. A 2006 aka kawo Keel, inda aka sassaƙa ƙarfen reton nan daga dunƙulen alminiyam guda. A 2009 Radikal ya sauya injin kansa, a 2020 kuma Karousel ya sake sauya boris. Bayan waɗannan, akwai wasu ƙananan kamfanoni da masassaƙa masu zaman kansu da ke ƙera nasu akwatin katako, da nasu ƙarfen reto, da nasu akwatin wuta, duk don su shiga jikin wannan garmaho ɗaya.

To, a ƙaddara wani ya sayi nasa a 1975, ya yi ta bin waɗannan sauye-sauye ɗaya bayan ɗaya, daga baya katakon ya kumbura ya sake shi, murfin ya tsage ya sayo wani. Yau ɗansa ya gada. In ya ce, "Garmahon babana ne na 1975," gaskiya ya faɗa ko kuwa?

Jirgin mutanen Atina

Tambayar ba sabuwa ba ce. Fulutak, marubucin Girka da ya rayu tsakanin ƙarni na 1 da na 2 na Miladiyya, ya ba da labarin jirgin ruwan jarumi Tisiyas, wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu, waɗansu na cewa jirgin ne dai, waɗansu na cewa wani ne daban. A 1655 Tomas Hobs na Ingila ya ƙara wa miyar gishiri. Ya ce a ɗauka wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan da ake zubarwa, ya tara su, ya harhaɗa jirgi da su. Yanzu ga jirage biyu, wanne ne na Tisiyas?

Abin da Hobs ya kawo a matsayin ƙaddarawa, a kasuwar LP12 yana faruwa ido na ganin ido. Tsohon boris da tsohon inji da tsohon akwati da aka cire ba a zubar da su, sayar da su ake yi kwance, kuma akwai masu saye su haɗa cikakken garmaho da su. Saboda haka yana yiwuwa garmahon da aka harhaɗa makon jiya ya fi wanda aka saya a 1975 yawan ƙarafan 1975.

Amsoshi uku

Amsa ta farko ita ce a ce abu shi ne jikinsa, watau ainihin katako da ƙarfen da aka yi shi da su. Wannan amsa tana da daɗin kamawa, amma ba ta da nisan tafiya. In haka ne, ran da aka sauya bel kaɗai garmaho ya zama wani. In kuma aka ce a'a, sai an sauya da yawa, to nawa ne da yawa? Rabi? Rabi da ƙusa ɗaya? Babu wanda zai iya nuna ƙusar da daga kanta asali ya ƙare. Bugu da ƙari, wasu gaɓoɓin tun ran da aka ƙera su an san masu ƙarewa ne. Allurar ƙarfe ta garmahon wani na da, bayan gefen faifai ɗaya ake jefar da ita, ba kuwa wanda ya taɓa cewa garmahon ya sake zama sabo a kowace waƙa.

Amsa ta biyu ita ce a ce abu shi ne siffarsa da aikinsa. Muddin yana da tsarin nan na faranti da bel da sifirin 3, yana kuma fitar da kiɗa, to shi ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wannan ta fi ta farko ƙarfi, kuma akwai al'ummar da ta tafi a kanta: a Ise ta ƙasar Japan ana rushe babban wurin bautarsu a sake gina shi da sabon katako duk bayan shekara 20, an yi na 62 a 2013, kuma a wurinsu wurin bai taɓa zama sabo ba. Sai dai ita ma tana da rauni. Garmaho dubbai ne ke da siffa ɗaya da aiki ɗaya, amma guda ɗaya tak ne na mahaifin wancan magaji. Kama da wane ba ta wane. Siffa tana gaya mana irin abu, ba ta ware mana wannan daga wancan. Sa'an nan kuma, ai don a sauya aikin ake yin gyaran tun farko: wanda ya sa Radikal so yake ya ji sautin da bai ji ba a da.

Amsa ta uku, wadda ni na fi karkata gare ta, ita ce abu irin wannan shi ne tarihinsa. Garmahon magajin nan na 1975 ne domin akwai silsila da ba ta yanke ba daga ranar saye zuwa yau: kowace sabuwar gaɓa ta shigo ne ta tarar da sauran suna aiki, ta zauna tare da su, kafin su ma a sauya su. Haka gari yake. Ba ko mutum ɗaya a Kano ta yau da ya ga zamanin Muhammadu Rumfa, amma ba a taɓa wayar gari aka kwashe Kanawa duka aka zuba wasu ba, don haka Kano tana nan Kano. Shi kuwa garmahon da aka harhaɗa makon jiya, gaɓoɓinsa tsofaffi ne amma tarihinsa na mako ɗaya ne.

Ga inda zancen ya juya daga falsafa ya shiga ɗabi'a. Jiki ana ganinsa, aiki ana jin sa, amma tarihi ba ya rubuce a goshin abu. Sai an faɗe shi. Idan kuwa asalin abu yana cikin tarihinsa, to asalin nan amana ce a bakin mai shi, yana iya riƙe ta, yana iya cin ta.

Na kamfani da na waje

Kafin mu shiga wannan, akwai wata jayayya da ya kamata a warware. Masu sha'awar wannan garmaho sun kasu. Waɗansu na cewa muddin kayan gyaran daga Linn suka fito, asali bai taɓu ba, amma da zarar an sa ƙirar wani kamfani, an yi masa dasashi. Ni ban ga hujjar wannan ba. Boris ɗin da aka ƙera a 2020 bai san 1975 ba, ko tambarin wa ke jikinsa. Abin da tambarin kamfani ke bayarwa shi ne tabbacin cewa gaɓar za ta zauna daidai, da wanda za a koma wa in ta ba da matsala. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma inganci ne, ba asali ba.

Har ila yau, shi kansa tsarin bai faɗo daga sama ba. Dabarar rataya faranti da hannu a kan sifirin ta fito a garmahon Acoustic Research na Amurka tun 1961, kana Thorens TD 150 ya biyo da ita a 1965. Watau abin da ake kira asali shi ma gyara ne a kan aikin wasu. Wanda ya gina ɗakinsa da tubalin aro bai kamata ya hana maƙwabci yi masa yaɓe ba. Abin tambaya game da kowace gaɓa, ta kamfani ce ko ta waje, guda biyu ne: ta yi aikin da kyau? An kuma faɗi gaskiyar inda ta fito?

Haƙƙoƙi uku

Wani zai ce, "Kayana ne, da kuɗina na saya, in na ga dama in huda shi in yi masa fenti." Gaskiya ne, ba mai kai shi gaban alƙali. Amma mallaka ba ta share haƙƙi, kuma ina ganin akwai haƙƙoƙi uku a wuyan mai gyara.

Na farko haƙƙin faifai ne. An yi garmaho don faifai, ba a yi faifai don garmaho ba. Allurar lu'ulu'u tana cinyewa bayan sa'o'i ɗaruruwa na aiki, in ta cinye kuwa sai ta koma kamar kurfi, tana kankare layin faifai, abin da ta kankare kuma ba ya dawowa. Mutumin da ya ƙi sauya allura wai don kada ya taɓa asali, ya tsare abin da ake iya sayowa ya hallaka abin da ba a iya sayowa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin akwai waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da aka buga a fayafayai, kuma kowane faifai da tsohuwar allura ta cinye, an rage ɗaya daga cikin abin da ba za a ƙara rerawa ba. Wani misalin kuma: injin irin na da yana ɗaukar gudunsa ne daga bugun wutar lantarki. Wutar Amurka tana bugu 60 a daƙiƙa, tamu da ta Ingila 50. In aka kawo garmahon Amurka nan, ko an daidaita masa ƙarfin wuta, muddin ba a sauya ɗan gargaren da ke jan bel ba, faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 da sulusi zai yi ƙasa da 28, muryar mawaƙi ta yi kauri, kiɗa ya yi sanyi. A nan barin asali shi ne cin amana, sauyi kuma shi ne riƙon ta.

Na biyu haƙƙin mai saye ne. Babu laifi a garmahon da aka yi wa gyara goma, babu laifi a wanda aka harhaɗa daga kwance. Laifin yana shigowa ne ran da aka sayar da shi da sunan wanda ba a taɓa ba, ko aka sa gaɓar waje aka ce ta kamfani ce, don a ci kuɗin tarihin da ba shi da shi. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana algus da ɓoye aibi a ciniki, kuma a mazhabar Malikiyya wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mai da kaya. Kada a ce ai sabuwar gaɓar ta fi tsohuwar kyau, don haka ba a cuce shi ba. Wanda ya biya kuɗin tsohuwar zuma aka ba shi sabuwa an cuce shi, ko da sabuwar ta fi zaƙi, domin an zaɓa masa abin da shi ya kamata ya zaɓa wa kansa.

Na uku haƙƙin na baya ne. Abin da ya shekara 50 yana aiki, mai yiwuwa ne ya wuce mai shi na yanzu. Saboda haka akwai bambanci tsakanin gyaran da ake iya warwarewa da wanda ba a iyawa. Wanda ya kwance ƙusa ya sa sabon hannu, ya naɗe tsohon ya ajiye, ya bar wa na baya zaɓi. Wanda ya sa zarto ya yanke, ya yanke har da zaɓin jikokinsa, kuma sau da yawa garin neman gira akan rasa ido. Masana adana gine-ginen tarihi da suka taru a birnin Benis na Italiya a 1964 sun amince da ƙa'idar cewa duk abin da aka cike a tsohon gini ya dace da sauran, amma ya zama ana iya gane shi, don kada gyara ya yi wa tarihi ƙarya. Ƙa'idar nan ta dace da garmaho: a adana abin da aka cire, a rubuta abin da aka sa da shekarar da aka sa shi, a bar takardar tare da kayan.

Akwai kuma wani haƙƙi da mutum ke bin kansa. Gyara yana da daɗi, daɗinsa kuma yana iya zama ciwo. Akan sami wanda ya kashe ninkin kuɗin garmahonsa a kan gaɓoɓi, amma in ya ɗora faifai ba waƙar yake saurare ba, boris yake saurare, yana neman aibin da zai ba shi dalilin sayen wani abu. Irin wannan ya mai da bawa ubangiji. Alamar gyara mai amfani ita ce, in an gama, a manta da garmahon a ji mawaƙi.

Ta ƙofar gidanmu

Na yi alkawarin zancen zai biyo ta gida. A dubi kalmomin da na yi ta amfani da su. Faifai tsohuwar kalmarmu ce ta abin da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya da sheƙar hatsi, aka ba ta sabon aiki. Allura daga Larabci ta zo. Garmaho da bel da sifirin daga Turanci. Ashe harshenmu ma an sha sauya masa gaɓoɓi, waɗansu ƙirar gida, waɗansu ƙirar waje, kuma bai daina zama Hausa ba, domin silsilar masu magana da shi ba ta yanke ba.

Amma darasin da ya fi kusa da mu shi ne na amana. Mu ne muke zuwa ƙauyuka mu ɗauko waƙoƙin baka da tatsuniyoyi, mu ne muke juya rubutun ajami zuwa boko don kundin digiri. A nan akan ci karo da kalmar da tawada ta cinye, ko baitin da karinsa ya karye, ko Sakkwatancin da ɗalibi ke ganin gara ya mai da shi daidaitacciyar Hausa. Hannu yakan yi ƙaiƙayin gyara. Wani lokaci gyaran wajibi ne, kamar sauya allura. Amma wanda ya cike gurbi da tasa kalmar bai nuna ba, ya sayar wa na baya garmahon da aka harhaɗa da sunan na asali, kuma nasa ya fi muni, domin ba murfin da za a buɗe a duba tambari. A gyara, amma a sa alama, a kuma ajiye abin da aka tarar.

Kammalawa

To, magajin nan gaskiya ya faɗa? Ni a ganina, i, garmahon babansa ne, kamar yadda kalangun makaɗi yake na kakansa, matuƙar dai in an tambaye shi zai ƙara da cewa, "An sauya boris a shekara kaza, akwatin kuma wani masassaƙi ne ya yi shi." Wannan ƙarin bayani ba ya rage wa gadon daraja, shi ne ma gadon. Sauyi ba ya kashe asali, domin abin da aka hana wa sauyi ruɓewa yake yi a inda aka ajiye shi. Abin da ke kashe asali shi ne a sauya a ɓoye. Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar abin da muka gada, Ya sa mu miƙa shi ga na baya da gaskiyarsa, amin.